Sharhi: Littafin da ba ya aruwa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Ana saura 'yan kwanaki a koma makaranta, wani maƙwabcina tela ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar, da takarda a hannu ya ninke ta huɗu. Jerin littattafan da makaranta ta ce a saya wa 'yarsa ne, wadda za ta shiga siziyem, ajin farko na sakandare. Ya riga ya zaga babbar kasuwar Garwa, a nan arewacin Kamaru, ya jiyo farashi, jikinsa ya yi sanyi. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, wani yaro mai shagon waya ya nuna mini wani allo na zamani, ya ce in na saya na huta, duk littattafan duniya za su shige ciki har da sauran wuri. Kai da ka yi boko, wanne ya fi mini?" Na ce ya bari in kwana da maganar. Abin da na kwana da shi ne na kawo muku yau, domin na san ba shi kaɗai ke wannan lissafi ba a wannan wata.

Gardamar littafin takarda da na na'ura ta daɗe a ƙasashen Turawa. Tun watan Nuwamba na 2007, da kamfanin Amazon ya fitar da na'urarsa ta karatu mai suna Kindle a kan dalar Amurka 399, kuma kashin farko ya ƙare cikin sa'o'i kaɗan, aka fara yi wa littafin takarda ta'aziyya tun yana da ransa. Shekaru sun shuɗe, mamacin yana nan yana shan iska, maɗaba'u ba su rufe ba. Sai dai su can suna gardamarsu ne a ɗaki mai sanyi, wuta ba ta ɗaukewa, katin banki yana aljihu, ɗakin karatu na gari yana bayan layi. Mu kuwa in za mu auna, da mudunmu ya kamata mu auna.

Da farko a raba hatsi da tsakuwa, domin abu uku ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Akwai waya, akwai kwamfutar hannu mai faɗin allo, irin wadda aka nuna wa telan nan, sannan akwai na'urar da aka ƙera don karatu zalla, irin su Kindle da Kobo. Ta ukun nan daban take. Fuskarta ba fitila ba ce mai haska ido kamar ta waya. A ƙarƙashin gilashinta akwai miliyoyin 'yan ƙananan ƙwayoyi, kowace ɗauke da gari fari da gari baƙi. Idan ka taɓa don juya shafi, lantarki ya turo baƙin sama inda harafi zai fito, farin ya zauna inda babu rubutu. Da shafin ya zauna, ba ya ƙara shan wuta sai ka sake juyawa. Shi ya sa caji ɗaya yake kai ta makonni, shi ya sa kuma ake karanta ta a tsakar rana kamar takarda.

Na taɓa mallakar irinta, wani abokina ya zo mini da ita tsaraba daga Faransa, kuma ba zan ci amanarta ba: na more ta. Na tuna wani dare a jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundere, kowa ya yi barci, ni kuwa ina ta karatu ba tare da na tashi kowa da haske ba, littattafai sun fi ɗari a cikin abin da bai kai nauyin faranti ba. Wata rana na jefa ta cikin jaka na hau moto, muka faɗa wani rami, da na ciro ta rabin fuskar ya daskare. Na zaga masu gyaran waya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi su haƙuri ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Baba, wannan ba mu da gilashinta, ko a Duwala ma da wuya." Tana nan a akwati har yau. Daga baya ne ma na lura cewa masu ƙera Kindle da kansu sun rubuta a yi amfani da ita a zafin da bai wuce digiri 35 ba. Duk wanda ya yi Maris da Afrilu a Garwa ya san 35 ai sanyin safiya ne, rana tana take sai ta haura 40.

Ga kuma kuɗi. Mafi arha a cikin irin waɗannan na'urori tana kama dala 100 da ɗoriya, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Wato ta haura jaka 50, sefa 50,000 ke nan, tun kafin a ɗora kuɗin kawowa da na kwastan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka wa ma'aikatan kamfanoni a 2023 jaka 60 ne. In ka saye ta kuma fanko ka saya. Littattafan sai da katin banki, alhali yawancinmu kuɗinmu a Orange Money ko MoMo yake kwana. Saboda haka in ana maganar karatu a na'ura a Garwa ko Marwa ko Kusri, a bar batun Kindle. Wayoyin Tecno da Itel da ke aljihun kowa ake nufi.

Wayar nan kuwa, a faɗi gaskiya, ta yi wa karatu rana a yankinmu. Ku dubi tafiyar da littafin boko yake yi kafin ya iso mu: a buga shi a Faransa ko a kudu, ya sauka tashar jiragen ruwa ta Duwala, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere inda layin dogo ya ƙare, sannan mota ta ɗauko shi ta gangaro da shi. Kowane zango da kuɗinsa. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, don haka littafin yuro 20 ya wuce jaka 13 tun bai bar Turai ba. Ɗalibin Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, ko na Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, ina zai samo wannan sau goma a shekara? A da sai fotokofi, a kwafi kwafin kwafi har haruffa su koma kamar sawun kaji. Yanzu abokin karatu ya turo maka littafin sukutum ta WhatsApp, ko ku haɗa wayoyi ta Xender ko sisi ba a kashe ba. Wanda bai taɓa neman littafi wata shida ya rasa ba, ba zai san girman wannan ni'ima ba.

Malaman zaure ma ba a bar su a baya ba. Na san waɗanda a da sai sun aika Kano ko sun jira alhazai kafin su sami wani littafin fiƙihu ko na hadisi, yau suna da manhajar Shamila mai dubban mujalladai, su rubuta kalma ɗaya ta fito musu da duk inda aka ambace ta. Dattijon da idonsa ya fara rauni, wanda ya ajiye karatu saboda ƙananan haruffa, yanzu sai ya buɗa yatsu biyu rubutun ya zama manya-manya. Matanmu da 'yan matanmu kuwa, da suke jiran a kawo littattafan Hausa daga Kano ta Yola ko Mubi su karɓa haya a shago, yanzu marubuciya tana sakin babi da dare a Kano, kafin asuba an karanta shi a Ngaundere. Hukumar UNESCO ta lura da wannan tun 2014, a wani bincike da ta yi kan mutum fiye da 4,000 a ƙasashe bakwai, har da maƙwabciyarmu Najeriya, inda ta ga mutane da yawa sun ƙara karatu saboda waya, kuma mata sun fi maza daɗewa a kai.

Har batun wuta, da ake yawan kafa hujja da shi a kan na'ura, kaifi biyu gare shi. Gaskiya ne madatsar Lagdo, wadda ke ba mu wuta tun 1982, ruwanta yakan ja baya da rani a shiga rabon wuta unguwa-unguwa, ko da yake tashoshin hasken rana na Marwa da Gider sun ɗan rage zafi. Amma in an ɗauke wuta da dare, littafin takarda ma makaho ne sai an nemo masa tocila. Waya kuwa da fitilarta take tafe.

To in haka ne, me ya hana ni ce wa tela ya je ya sayi allonsa?

Abu na farko, waya kasuwa ce, karatu kuwa zaure yake so. Yaro ya buɗe darasin lissafi, layi uku bai yi ba saƙo ya shigo, ga bidiyo, ga sakamakon ƙwallo, ga wani ya sa hoto. Babba ma da ƙyar yake kame kansa, balle 'yar shekara goma sha biyu. Littafin takarda ba shi da wata ƙofa ta baya da za a fice ta nan.

Abu na biyu ya fi wannan zurfi, kuma alarammominmu sun riga masanan Turai saninsa. Duk wanda ya zauna a tsangaya ya san malam ba ya son mai hadda ya riƙa sauya Alƙur'ani. Wanda ka fara da shi, da shi za ka sauke. Dalili shi ne ido ma yana hadda. Gardi in ya kakare a tilawa, sai ka ga ya lumshe ido yana laluben wurin: ayar nan a saman shafin dama take, ko a ƙasan na hagu, kusa da inda tawada ta ɗan ɗiga. Kowace aya da gidanta. Hannu ma yana taya ƙwaƙwalwa, domin kaurin abin da ka karanta a gefe guda da kaurin abin da ya rage a ɗaya gefen suna gaya maka inda kake a tafiyar. A na'ura kuwa rubutu ba shi da gida. Ka ƙara girman harafi, abin da ke sama ya koma ƙasa, shafi na 40 ya zama na 65. Ku lura, manhajojin Alƙur'ani da mahaddata suka fi so su ne waɗanda suka bar shafin yadda yake a bugun takarda, layi 15, ba a taɓa shi ba.

Binciken zamani ya zo ya tarar da su a nan. Wata malama a jami'ar Stavanger ta ƙasar Norway, Anne Mangen, ta ba mutum 50 gajeren labari guda, rabi a Kindle, rabi a takarda. A yawancin tambayoyi kunnen doki suka yi. Amma da aka ce su jera abubuwan da suka faru daki-daki, wanne ya riga wanne, masu takarda suka yi gaba. A 2018 kuma wasu masana, ciki har da na jami'ar Balensiya ta ƙasar Sifen, suka tattara bincike 54 da aka yi kan mutum fiye da 170,000. Abin da ya fito shi ne, in labari ne na nishaɗi babu wani bambanci, amma in rubutu ne na ilimi, musamman in an ƙayyade lokaci kamar a jarrabawa, mai takarda ya fi fahimta. Ratar ba ta da faɗi sosai, kada a ce na ce na'ura tana dakushe ƙwaƙwalwa. Sai dai ƙasar Suwidin, wadda ta cika azuzuwanta da allunan zamani tun da wuri, ita da kanta a 2023 ministar makarantunta Lotta Edholm ta ce a dawo wa yara da littattafan takarda, gwamnati ta ware kuɗi don haka. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Abu na uku shi ne ya fi tsaya mini a rai, kuma shi ne ba a cika faɗa ba. Mu a nan littafi ba na mutum ɗaya ba ne. Wa ya gama ya miƙa wa ƙane. Maƙwabci ya aiko yaro a ara masa. In an matsu a kai shi wurin masu shimfiɗa littattafai a ƙasa a bakin kasuwa, a sayar ko a yi musaya da na ajin gaba a cika 'yan kuɗi. In mai shi ya rasu, ya shiga cikin gado. Akwai gidajen malamai a Garwa da Marwa da Ngaundere da za a ciro maka gafaka, a kwance, ka ga rubutun hannun kakan kaka, wani a kan takardar nan mai alamar jinjirin wata uku da fatake suke kawowa daga Italiya ta hamada, an yi ta'aliƙi a gefe da jar tawada. Shekara ɗari da ɗoriya, ba caji, ba lambar sirri.

Littafin da ka saya a manyan shagunan intanet ba haka yake ba. In ka karanta ƙa'idar da ka danna ka amince da ita ba tare da ka duba ba, izinin karantawa aka sayar maka, an kuma ɗaure shi da sunanka. Ba ka da ikon sayar da shi, ara shi ma sai yadda kamfani ya ga dama. A watan Yuli na 2009 masu Kindle a Amurka suka wayi gari Amazon ya shiga na'urorinsu daga nesa ya goge wasu littattafan George Orwell da suka saya, saboda wata matsalar haƙƙin bugu. An mayar musu da kuɗinsu, shugaban kamfanin ya ba da haƙuri, amma kowa ya gane cewa mabuɗin ɗakin yana hannun wani. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai, abin da mutane suka saya ya daina buɗuwa, aka biya su. Kusa da mu kuma, OkadaBooks na Najeriya, inda marubutan Hausa da dama suke sayar da ayyukansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamba na 2023. Ƙara da cewa hanyar kanta ana iya toshe ta: 'yan'uwanmu na Chadi sun yi wata 16, daga Maris na 2018 zuwa Yuli na 2019, shafukan sada zumunta a rufe, yankunanmu biyu masu magana da Ingilishi kuma sun yi wata uku babu intanet a 2017. Abin da ba ka iya arawa, ba ka iya sayarwa, ba ka iya bar wa ɗanka, ni a wurina haya ka karɓa, ko da an rubuta maka rasit na saye.

Wani zai ce, ai mu ba ma sayen irin wannan, namu da ake turawa a waya ya fi kowane littafi aruwa. Haka ne, har ya yi yawa. Mutum ɗaya ya biya marubuciya 'yan kuɗi kaɗan, kafin la'asar ya watsa wa rukuni biyar. Wadda ta hana idonta barci ta rubuta ba ta ga komai ba. Aron littafin takarda yana da iyaka, domin in yana hannunka ba ya hannuna, wanda ya ƙosa sai ya sayi nasa. Wannan kuwa babu iyaka, kuma sunansa na gaskiya satar fasaha. Muna alfahari da Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa da ta fara buga littattafanta a Yawunde, har ɗaliban sakandaren Faransa suka zaɓe ta ta ci kyautar Goncourt tasu a 2020. To mai bi mata fa, wane maɗaba'i ne zai zuba kuɗinsa a kanta in ya san kwafi ɗaya za a saya, dubu su karanta?

Kada kuma in yi wa takarda kirarin da ba nata ba. Gara tana cinta, ɓera yana cinta, damina tana jiƙa ta. Waɗanda ambaliyar 2012 ta shafa a bakin Binuwai, da na Yagwa da Kusri a 2024, sun san yadda littafi yake komawa dunƙulen fura. A nan ne na'ura take da aikin da babu mai yi sai ita. Duk gidan da ke da tsofaffin rubuce-rubucen ajami ko na Larabci, a samu yaro mai waya mai kyau ya ɗauki hoton kowane warƙa, a ajiye a wuri biyu ko uku. Aikin yini biyu ne, kuma ba sai an jira wani Bature ya zo da tallafi ba.

Hukuma ma ta gwada hanyoyin biyu a gabanmu, kusan a lokaci guda. A ƙarshen 2017 aka fara raba wa ɗaliban jami'a kwamfutoci 500,000 da bashin sefa biliyan 75 daga ƙasar Sin. A Nuwamban wannan shekarar kuma Firayim Minista Philemon Yang ya sa hannu a kan tsarin littafi ɗaya ga kowane darasi, wanda ba za a sauya ba sai bayan shekara shida. Na farkon ya fi amo, an yi ta bukukuwa. Na biyun ba a buga masa ganga ba, amma in ka tambayi uba mai 'ya'ya biyar wanne ya taɓa aljihunsa, ba zai yi dogon tunani ba, domin shi ne ya sa littafin wa yake yi wa ƙane amfani.

Washegari na je shagon telan. Na ce masa, "Maigida, allon nan ka bar shi tukuna. Jerin da ke hannunka ba a ma sayar da yawancinsa a cikin na'ura, abin da yaron zai zuba maka hotunan shafuka ne da wani ya ɗauka a karkace. Ka fara da na Faransanci da na Ingilishi da na lissafi, ka nemi na hannu, amma ka riƙe jerin makaranta ka gwada suna da bugu kada a haɗa ka da wanda aka daina. Sauran ku yi karo-karo da iyayen 'yan ajinsu na unguwa. Ƙamus kuwa a sa maka a wayarka, in tana bukata ta karɓa a gabanka ta mayar. In Allah Ya kai ta jami'a, lokacin na'ura za ta zame mata dole, kuma lokacin ta san abin da take nema a ciki."

Bai ce mini komai ba sai "To, Malam." Bayan kwana uku na wuce ta ƙofar shagon, na tarar ya ture ɗinkin mutane gefe, yana yi wa littattafai uku riga da ƙyallayen atamfa, domin a cewarsa akwai ƙannenta biyu a baya. Ya buɗe mini na lissafin. A shafin farko akwai sunan wani yaro an soke, ƙarƙashinsa sunan wata yarinya an soke, 'yar tasa ta rubuta nata na uku da jan biro, ta bar fili a ƙasa.

Sai wani makon, in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.